Maganin Gwiwar Iya Ɗelu

A cikin ɗaliban Arewa da ke karatun digiri na biyu da na uku a Kuala Lumpur, babu mai tsayawa gaban farfesoshin jami'arsa ya kare bincikensa sai ya fara bi ta falon Dakta Maitama. Ba doka ba ce, babu inda aka rubuta ta, amma duk wanda ya tsallake sai an daɗe ana yi masa kallon mai girman kai. Ranar Lahadi ake yi, bayan azahar, a can saman wani dogon bene a Sentul, inda in ka leƙa taga za ka hango jirgin ƙasa yana wucewa kamar abin wasan yara. Sunan zaman tankaɗe. Anti Saudatu, matar gidan, takan soya masa ta yi miyar taushe, a ci a ƙoshi, sannan a ture farantai gefe a ce wa mai bincike ya miƙe.

Ƙa'idar tankaɗe ɗaya ce: da Hausa zalla za ka yi bayani. Dakta Maitama yakan ce wanda ya kasa faɗa wa uwarsa abin da yake karantawa, shi kansa bai gane shi ba. Duk kalmar Turancin da ta suɓuce wa mutum a zaman, ko wane ne shi, wankin faranti ɗaya ya hau kansa. An taɓa yin wani ɗan Gusau mai karatun kwamfuta da ya wanke har tukwanen da ba a yi girki da su ba.

Wannan Lahadin ta Kamila ce, kuma ita ba wanke-wanke ne damuwarta ba.

Dakta Maitama aminin mahaifinta ne tun suna makarantar kwana. Ranar da za ta taso daga Kano, a gabanta Abba ya kira shi a waya ya ce, "Ga amana nan tafe." Tun daga nan Baffa take ce masa. Abba ya san harhaɗa magunguna take karantawa, yana ma alfahari da hakan a majalisa. Abin da bai sani ba sai kwanan nan shi ne irin maganin da bincikenta ya karkata a kai: ƙwayar nan da ake kira ekstasi, wadda matasa ke haɗiya a wuraren kiɗa da rawa, da kuma 'yan kwalaben gwaji da wasu ƙasashe ke bari a yi amfani da su don mai sha ya san abin da ke cikin ƙwayar kafin ya kai baki. Da ta daure ta faɗa masa, sai ya saurare ta a waya har ta kai ƙarshe. Can ya ce, "Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba. Ki kai wa Maitama. In ya ce to, shi ke nan. In ya ce a'a, ki nemi wani abin ki karanta."

Kamila ta san kanta. Ba za ta taɓa ƙetare maganar Abba ba, ko da kuwa za ta kwana tana kuka. Ga shi cikin makon nan za ta gabatar da tsarin binciken a jami'a. In Baffa ya girgiza kai yau, duk karatun da ta yi ta tarawa ya tafi, ta koma neman sabon batu kamar wadda ta sauka jiya.

Ta fito daga ɗakinta na haya a Brickfields, ta ratsa ta gaban masu saƙa furanni da shagunan da ƙamshin miyar kori ke fitowa daga cikinsu, ta hau jirgi a babbar tasha. Jakarta na kan cinya, ta rungume ta da hannu biyu. A ciki akwai ƙaramin akwatin roba mai ƙanƙara, cikinsa 'yar kwalbar gwaji da ta aro daga ɗakin bincike da izinin malamarta, da safar hannu, da ɗan farin faranti na tangaran. Duk tsawon hanya tana ta maimaita jimlolinta a zuci, tana neman Hausar kalmomin da tun shigarta jami'a ba ta taɓa faɗarsu da Hausa ba.

Najib ne ya buɗe mata ƙofa, ɗan Zariya mai karatun injiniya, wanda tankaɗe bai taɓa wuce shi ba saboda masa.

"Ga mai laifin ta iso," in ji shi, yana kwaikwayon "lah" ɗin da 'yan garin ke liƙa wa magana. "Shigo lah, mun kusa cinye rabonki."

"Kai dai ka ji kunya. Kullum kai ne na farkon zuwa, na ƙarshen tashi."

"Ilimi nake nema, Hajiya."

Ta durƙusa ta gaida Baffa, wanda ke zaune a kujerarsa ta kusa da taga da farar jallabiya, tabarau a goshi. Ta leƙa kicin ta gaida Anti Saudatu. Sannan ta zube a kan darduma gaban baƙuwar gidan, Iya Ɗelu, mahaifiyar Dakta Maitama, wadda ta zo ganin jikoki kwanan baya. Tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin ido, ta miƙe ƙafafu a ƙasa don ta ce kujerun gidan suna haɗiye mutum. A kafaɗarta akwai sabon mayafi mai ruwan toka da surukarta ta saya mata a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, an ƙulle wani abu a gefensa.

"Ke ce 'yar Alhaji Ahmadu? Kai, ga hancin nan. Me suke ba ku a garin nan kuka bushe haka? Angona," ta juya wajen Najib, don tun ranar da ta sauka ta ɗaura masa wannan suna, "zuba mata masa, ka daina zare ido a kan tawa."

"Iya, ni da ke ai ba ma haka. Abinki nawa ne."

"Sai ka fara biyan sadaki."

Aka ci, aka sha shayi mai madara da Najib ya yi tapau ɗinsa, wato ya sa aka ƙullo masa a leda daga shagon abincin Indiyawa na ƙasan bene, irin wanda ake ce wa mamak. Hadari ya haɗu a waje, ruwan la'asar na garin da ba ya saɓa alkawari ya fara bugun gilashi. Kamila dai masa ɗaya ta iya ci. Da Baffa ya sauko da tabaraunsa daga goshi zuwa hanci, kowa ya san an fara.

"Bismillah, 'yata. Muna jin ki."

Ta miƙe, ta gyara hijabi. Ta fara da labarin wata yarinya. Lokacin da aka tura su sanin makamar aiki a sashen gaggawa na wani asibiti, an kawo wata budurwa daga wurin kiɗa, jikinta zafi kamar garwashi, da 'yan ƙyalƙyali manne a kumatunta. Ƙawayenta sun ce ƙwaya ɗaya ta sha, irin wadda ta saba. Da aka auna jininta sai aka tarar ba ita ba ce, wani abu ne daban aka cusa a ciki aka buga masa tambari iri ɗaya. Yarinyar ta rayu, amma ƙodarta ta taɓu. Abin da Kamila ta kasa mantawa shi ne uwar, wadda ta zauna a baranda riƙe da takalman 'yarta a cinya, tana goge su da gefen ɗankwali, tana sake gogewa.

"Abin da nake so in bincika," in ji Kamila, "shi ne, da a ce yarinyar nan tana da hanyar da za ta gane ba abin da ta zata ba ne, za ta yar? Zan tambayi likitoci, da iyaye, da matasan kansu. Masu wannan ra'ayi suna kiransa rage illa. Wato in ka kasa hana mutum yau, ka yi ƙoƙari ya kai gobe da ransa, ko goben ta zo da shiriya. So..."

"Faranti ɗaya!" Najib ya ɗaga yatsa.

Aka yi dariya, har ita. Baffa ne kaɗai bai yi ba. Ya haɗa yatsunsa a kan ciki.

"Na ji tausayin yarinyar, Allah ya ba ta lafiya. Amma bari in tambaye ki. In na ga yaro zai haura katangar mutane, sai in riƙe masa tsani don kada ya karye? Ranar da kika miƙa wa matashi kwalbar nan, me kika ce masa? Kin ce masa sha, amma ka sha mai kyau. Wanda tsoro ya hana shi jiya, yau kin cire masa tsoron."

"Baffa, ni ban ce ƙwayar tana da kyau ba. Ko tsantsarta ce tana kisa."

"To kin gani. Sai ya gwada, ya ga launin da yake so, ya haɗiya hankali kwance, ya mutu hankali kwance. Kuma kin san ƙasar da muke. Nan ba a wasa da maganar ƙwaya. Shekara nawa ina faɗa muku, kowa ya buɗe saƙon da aka ba shi kafin ya hau jirgi, ko na limamin unguwarku ne?"

Wannan kam kowa ya haddace. Babu ɗalibin da zai tafi gida hutu bai sha wa'azin saƙo daga bakin Dakta Maitama ba: a kwance kowane ƙulli, a shinshina kowace kuka, a fasa kowane curin daddawa.

Najib ya gyara zama. "Dakta, ni fa ina ganin kamar hular kwano ce. Sa ta ba ya sa mutum ya yi ganganci da babur."

"Hawa babur saɓo ne?"

"A'a."

"To ci masarka."

Anti Saudatu, wadda ke tsaye a bakin kicin da matsami a hannu, ta ce, "Ni dai ban san boko ba irin naku. Amma in 'yarmu Khaulah ce, Allah ya tsare, na fi so ta dawo min da ƙafarta in ci mutuncinta da kaina, da a kira ni asibiti."

"Shi ya sa ake tarbiyya tun kafin a kai can," in ji Baffa.

Baffa ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, kuma abin da ya fi ba Kamila tsoro ke nan, don ta san rabin abin da ya faɗa ita ma ta sha tambayar kanta. Ta ce a ba ta izini ta nuna yadda abin yake aiki, ko don a san a kan me ake magana. Ya ɗaga mata hannu alamar ta ci gaba.

Ta shimfiɗa jarida a kan tebur, ta sa safar hannu, ta ajiye farin farantin. Ta gargaɗe su kada kowa ya taɓa, ruwan kwalbar yana cin fata. Ta ce ita ba ta da ƙwayar rawa, ba ta ma taɓa riƙe ta a waje da ɗakin bincike ba, don haka da abin gida za ta gwada. Ta ɗan barbaɗa sukari, ta ɗiga ruwan. A hankali wurin ya yi ruwan ƙasa kamar an ƙona shi. Ta kankare ɗan garin asfirin a wani gefen, ta ɗiga, suka jira, ya soma yin ja-ja.

"Kowane abu da launin da yake bayarwa," in ji ta. "Ita waccan ƙwayar, in ita ce, shunayya take yi, ta yi duhu har ta koma kamar baƙi. In mutum ya ga wani launi daban, ya san an yi masa cushe."

Iya Ɗelu ta matso da gindi har bakin tebur, ta ƙura ido. Tun da aka fara muhawara ba ta ce uffan ba, amma wannan ya burge ta.

"Ikon Allah. Kamar masu rini. Wato ke yanzu kowane magani kika ɗiga wa wannan, sai ya faɗa miki sunansa?"

"Ba kowanne ba, Iya, amma..."

Tsohuwa ba ta jira ƙarshen maganar ba. Ta jawo gefen mayafinta, ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta fito da wata 'yar leda da aka ɗaure bakinta. Cikinta ƙwayoyi ne tsirara, farare da 'yan rawaya, babu kwali, babu takarda, babu suna.

"Gwada min wannan farin. Na gwiwa ne. Yaron kemis ɗin bakin layinmu ke haɗa min, yaron kirki, har gida yake kawowa. Na tambaye shi sunansa ya ce sirrin sana'a ne, wai kada in je wani wuri in saya."

Dakta Maitama ya taso zaune sosai. "Iya, wannan daga ina?"

"Daga Kano mana."

"A jirgi? A ina kika sa shi?"

"Cikin garin kuka. Na san halinka, kai da zubar da abin mutane." Ba ta kalle shi ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce wannan ko mai gidan nan.

Kowa ya san abin da ke ran kowa, babu dai mai bakin faɗa. Mutumin da ya sa ɗalibai suka yi ta fasa daddawar surukansu a filin jirgi, jakar mutum ɗaya ce bai taɓa buɗewa ba. Wa zai zuge jakar uwarsa ya yi ta lalube? Ko da ya je tarbarta, ɗaukar jakar ya yi ya sa a mota, ya kai ta har ɗaki ya ajiye, ya ja ƙofa.

Kamila ta kalli Baffa. Ya gyaɗa mata kai a hankali. Ta kankare ɗan garin farar ƙwayar a tsaftataccen gefen faranti, ta ɗiga ruwan. Da farko babu komai. Sai wani launi ya fara tasowa daga tsakiya, ya bazu, ya yi shunayya sak.

"What!" in ji Dakta Maitama, ya miƙe tsaye, tabarau ya faɗo kan jallabiya.

"Innalillahi," in ji Anti Saudatu.

Najib ya dafe kai da hannu biyu. "Iya! Ashe 'yar rawa na aura ban sani ba? Shi ya sa kullum kike cikin nishaɗi!"

"Rufe min baki, ja'iri. Me ya ce? Ke 'yar nan, me launin ya ce?"

Duk suka juyo suna kallon Kamila. Ta ga fuskar Baffa yadda ba ta taɓa ganinta ba, duk ta saki, kamar ƙaramin yaro. A take ta gane cewa in ta yi shiru kawai, ta bar launin ya yi magana, ta ci muhawarar. Ga kwalba ta tona abin da ke ɓoye a gidansa, a mayafin uwarsa. Wa zai sake cewa ba ta da amfani? Ta cire safar hannu ɗaya, ta ajiye.

"Baffa, ka zauna. Kusan tabbas ba ita ba ce."

"Ba ke kika ce shunayya ba?"

"Na ce, amma ban ƙarasa ba. Ba ita kaɗai ke ba da wannan launin ba. Magungunan kashe ciwo masu ƙarfi, dangin kodin, su ma haka suke yi. Mai kemis ba zai sa wa tsohuwa ƙwayar rawa a maganin gwiwa ba. Zato na kodin ne a ciki. Amma zato ne. Kwalbar nan ba za ta iya rabe min su ba, ba kuma za ta faɗa min yawan abin da ke ciki ba, ko me aka haɗa da shi. Sai an kai ɗakin bincike."

Baffa ya koma ya zauna a hankali. Ya ɗauki tabaraunsa yana juya shi.

"Wato abin da nake faɗa ɗazu. Tana iya ɓatar da mutum."

"Tana iya wa," in ji Kamila, muryarta ƙasa-ƙasa. "Gaskiyarka ce a nan. Abin da ta yi kawai, ta sa mun tsaya mun tambaya."

Baffa ya mayar da tabaraunsa hanci. Sannan ya juya wajen mahaifiyarsa, ya rage murya. "Iya, tun yaushe kike sha?"

"Tun kafin azumi. Yana min daɗi, ina barci kamar jaririya. Ranar da ban sha ba kuwa jikina duk ya yi ta ciwo, in yi ta hamma, hanci na zuba."

"A ba ni ledar nan. Yanzu zan zuba su a masai."

Iya Ɗelu ta damƙe ledarta ta tura ƙarƙashin cinya. "Ka zuba mana. Wani satin 'yar maƙwabciyata Hauwa'u za ta taso daga Kano, in sa a sako min wani cikin kuɓewa busasshiya. Kai kake jin ciwon ko ni?"

"Iya, don Allah..."

"Ka ji shi. Da gemunsa."

Najib ya buɗe baki, Anti Saudatu ta harare shi, ya rufe.

Kamila ta sauko ta zauna a dardumar kusa da tsohuwa, gwiwa da gwiwa. Wannan aikin kam ta san shi.

"Baffa, in abin da nake zato ne, kuma ta daɗe tana sha, yanke shi rana ɗaya zai wahalar da ita, kuma ka ji da bakinta za ta nemo wani. Wanda za a kawo ma ba mu san me zai zama ba." Ta juya. "Iya, ba wanda zai ƙwace miki. Ga abin da nake roƙo. Ki ba ni fara ɗaya da rawaya ɗaya in kai a duba mana su da kyau. Gobe da safe mu je wajen likita da ledar gaba ɗaya, ni zan raka ki, in yi miki tafinta. A duba gwiwar, a ba ki magani mai suna a jikin kwali, wanda in an tambaye ki a filin jirgi za ki nuna da ƙarfin gwiwa. In rage wannan za a yi, likita ya rage miki a hankali. Kafin goben, kada ki haɗa shi da wani maganin barci, kuma kada ki ƙara a kan yadda kika saba."

Iya ta dube ta sama da ƙasa. "Likitan mace ce?"

"Za mu nemi mace."

"Kuma ba za a yi min allura ba."

"Wannan ban yi alkawari ba."

Tsohuwa ta yi tsaki, ta jawo ledar, ta zaɓo fara ɗaya da rawaya ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ta ɗora a tafin Kamila. "Don ke ce. Shi da ya ce zai zubar ko ɗaya ba zai gani ba."

Dakta Maitama yana kallonsu. Anti Saudatu ta zo ta tsaya a bayan kujerarsa, tana ɗan murmushi, shi kuwa ya san ma'anarsa sarai.

"Kada ki fara," in ji shi. "Uwata ba 'yar gidan rawa ba ce. Ciwo ne ya kai ta."

"Haka ne, Baffa," in ji Kamila. Sai ta ƙara da abin da ba ta shirya ba. "Ita ma waccan yarinyar, da ka ga mamanta."

Ya tashi ya tsaya a taga. Ruwa ya tsagaita, rufin gidajen Sentul na ta sheƙi, jirgi ya fito daga tasha yana jan jiki. Ya daɗe a tsaye, har Najib ya fara tattara kofuna don ya samu abin yi. Can ya zaro waya daga aljihu, ya latsa, ya sa ta a sifika. A Kano hantsi ne.

"Maitama! Yaya mutanen gabas?" Muryar Abba ta cika falon. Iya ta kamo hannun Kamila ta riƙe.

Suka gaisa, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka yi maganar zafi da wutar lantarki, Kamila na ji kamar ta yi ihu. Sannan Baffa ya ce, "Ahmadu, 'yarka ta yi mana bayani."

"To. Me ka gani?"

"Ban yarda da ita ba tukuna. Har yanzu ina ganin abin nan zai iya ba yara ƙwarin gwiwar da bai kamata ba." Ya juyo ya dubi Kamila ta saman tabarau. "Amma yau ta samu damar da za ta rufe min baki da abin da ba haka yake ba, ta ƙi. Ta faɗi aibin abin da take karewa a gabana. Irin wannan in ta bincika, abin da ta gano shi za ta rubuta, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba. Ni ma ina so in san amsar. A bar ta ta yi."

Abba ya yi ajiyar zuciya har ana ji. "Shi ke nan. Allah ya yi mata albarka. Tana kusa?"

"Ga ni, Abba."

"Ki riƙe gaskiya, kin ji? Kuma ki riƙa cin abinci, an ce min kin rame."

Kamila ta kalli Anti Saudatu. Anti Saudatu ta kalli silin.

Da aka kashe waya Baffa ya ce da sharaɗi. Duk abin da ya faɗa yau, da maganar tsani da ta tsoro, ta sa su a cikin binciken da ƙarfinsu, kada ta rage musu kaifi, kuma ta tambayi iyayen da ke ganin abin kamar yadda yake gani. Ta ce ta ɗauka. Ya ce kuma labarin gwiwar Iya ya tsaya a falon nan. A nan kowa ya juya ya kalli Najib.

"Ni? Haba Dakta. Sirrin matata ne fa."

"Saura hukunci," in ji Anti Saudatu, tana tattara farantai. "Kamila na da ɗaya. Kuma akwai wani bawan Allah da na ji ya yi Turanci da ƙarfi har maƙwabta sun ji."

Dakta Maitama ya buɗe baki zai musa, ya tuna, ya rufe. Tun da aka kafa tankaɗe ba a taɓa kama shi ba. Ya naɗe hannun jallabiya har gwiwar hannu, ya wuce kicin, Najib na biye da shi da waya zai ɗauki hoto, Anti Saudatu na kore shi da tsumma.

Kamila ta ƙulle ƙwayoyin biyu a takarda, ta wanke farin farantinta da ruwa mai yawa, ta mayar da kwalbar cikin ƙanƙara. Sannan ta tsaya kusa da Baffa a bakin famfo, shi yana sa sabulu, ita tana ɗauraya. Ya riƙe farantinsa ɗaya yana ta murza shi kamar zai huda.

"Gobe ƙarfe nawa asibitin suke buɗewa?" ya tambaya, bai dube ta ba.

"Da sassafe. Zan zo in ɗauke ta."

"Ni zan kai ku. Kuma in an dawo, ke za ki duba sauran garin kukar nan. Ni ba zan iya ba."

Daga falo suka jiyo Iya Ɗelu tana ce wa Najib ya zo ya gyara mata matashi a bayanta, in dai da gaske mijin kirki ne. Sai a lokacin Kamila ta ji yunwa ta taso mata gaba ɗaya. Ta leƙa kwanon da ke gefen murhu. Anti Saudatu ta ɓoye mata masa, har yanzu da ɗuminta.